Ɗigo Biyu Da Makaho Ke Gyara Rubutunsa Da Su

Hausawa sun ce gani ya kori ji. To, ga makaho, yatsa shi ne ido. Wannan ita ce maganar da ya kamata hukumomin ilmi da na ƙananan hukumomin Funtuwa da Malumfashi su riƙe duk sa'ad da aka tashi sayen kayan aiki domin makafi, gama sau da yawa akan ɗauka cewa muddin kwamfuta tana karanta rubutu da murya, an gama biya musu bukata.

Rubutun da Louis Braille ɗan ƙasar Faransa ya ƙago a 1824 gida-gida ne, kowane gida da gurbin ɗigo shida. Amma allon makafi da ake haɗawa da kwamfuta, mai gida 14, 20, 40 ko 80 a jere, ɗigo takwas ne a kowane gidansa, na 'yan tsinkaye masu ɗagowa da nutsewa. Biyun ƙarshe, na 7 da na 8, suna zaune ne a ƙarƙashin harafi kamar wasalin ƙasa a rubutun ajami.

Mai ido yana ganin ɗan sandan nan da ke ƙyaftawa inda rubutu zai shiga. Manhajojin da ke karanta wa makaho fuskar kwamfuta, irin su JAWS da NVDA, sukan nuna masa wannan wuri ta hanyar ɗaga ɗigon biyu su sauke, su ɗaga su sauke, a ƙarƙashin harafin. Idan kuwa aka zaɓi jimla domin sharewa ko kwafa, wadda mai ido ke gani da wani launi, sai ɗigon su tsaya a ɗage a ƙarƙashin dukkan haruffanta. Kowane gida kuma yana da ɗan maɓalli, da an danna shi alamar ta koma can.

Alal misali, a ɗauki akawu makaho yana rubuta sunayen manoman masara da auduga da buhunan takin da kowa zai samu. Murya takan faɗi abu ta wuce, amma ɗigo yana nan har yatsa ya tabbatar. Da shi zai gane ko 15 ya rubuta ko 51, ya kuma san cewa layi guda ne a zaɓe kafin ya taɓa maɓallin da zai share hakkin wani talaka.

Sai dai akwai inda ake tuntuɓe. A tsarin ɗigo takwas na kwamfuta, ɗigo na 7 shi ne kuma alamar babban baƙi, saboda haka ɗalibi sabon shiga kan rikice. Maganinsa horo ne, domin ana iya sauya siffar alamar da saurin ƙyaftawarta, kuma ya dace malamai su daidaita kan tsari guda.

Masu cewa allon yana da tsada ba su yi ƙarya ba. Amma NVDA kyauta ce tun fitowarta a 2006, allon kaɗai ne abin saye. Bugu da ƙari, dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta nemi ma'aikatun gwamnati su ba su aƙalla kashi 5 cikin ɗari na guraben aiki. Ɗaukar mutum aiki ba tare da kayan aiki ba, tamkar tura manomi gona ne ba fartanya.

Tun 1953 aka buɗe makarantar makafi a Gindiri, don haka karatun yatsa ba baƙo ba ne a Arewa. Abin da ya rage shi ne a tanadi allon a makarantu da ofisoshi, a gwada ko yana fitar da ɓ, ɗ da ƙ daidai kafin a biya kuɗi, a kuma koya wa malamai aikin ɗigon nan biyu. Allah ya sa masu riƙe da akala su duba.