Jitar da aka fasa a layinmu

 Da ma niyyata wannan makon in yi magana kan tsadar hayar shago, amma wani abu ya faru a layinmu da ya tsaya mini a rai, don haka ku yi mini haƙuri.

Akwai wani ƙanin abokina, shekarunsa ba su wuce 17 ba, yana taya yayansa jiran shago. Ya yi watanni yana tara 'yan canjin da ake ba shi har ya sayi wata tsohuwar jita, yana koyo a ɗakin samari bayan an tashi daga kasuwa. Ranar Asabar kawunsa ya gan ta, ya ɗaga ta ya maka da ƙasa, yana cewa su a zuriyarsu babu maroƙi. Da dare a majalisa dattawa suka yi ta sa masa albarka, har wani Alhaji ya ce jita ai kayan 'yan iska ne da Buzaye. Ban ce uffan ba, don ba tarbiyyarmu ba ce musu da sa'an uba a bainar jama'a. Amma tunda Alhaji ya ambaci Buzaye, bari in ba shi labarin wani Buzu a nan.

Sunansa Mahamadou Souleymane, duniya ta san shi da Mdou Moctar, Ba'abzine ne daga Jamhuriyar Nijar. Shi ma gidansu ba a yarda da kiɗa ba, kuma ba shi da kuɗin sayen jita, sai ya sami katako da wayar birkin keke ya haɗa tasa da hannunsa. Ga shi bahago, dole ya koyi komai a juye. Da ya iya, bikin aure ya riƙa bi yana kiɗa ana biyansa, ya yi shekaru a haka tun ba wanda ya san shi bayan mutanen yankinsu.

To ga inda nake so ku buɗe kunne. Da ya tashi ɗaukar waƙoƙinsa na farko a 2008, Sakkwato ya zo. A situdiyon Sakkwato aka ɗauki kundinsa mai suna Anar, da irin na'urar nan mai sirantar da murya da muka saba ji a waƙoƙin finafinan Hausa. Waƙoƙin ba su shiga kasuwa ba, daga waya zuwa waya suka yi ta yawo ta bulutut da memori har suka kai Mali. A can wani Ba'amurke mai suna Christopher Kirkley, mai kamfanin Sahel Sounds, ya ji ɗaya daga ciki, ya sa ta a wani faifai na waƙoƙin da ya tattaro daga wayoyin mutanen Sahara, daga baya ya bi sawu har Nijar ya nemo mai waƙar. A 2015 suka yi fim da harshen Tamashek wanda Mdou ya fito a matsayin jarumi, makaɗin da ke fama da uban da ba ya son kiɗa. A 2019 ya fitar da Ilana, a 2021 kamfanin Matador na Amurka ya fitar masa da Afrique Victime, a 2024 kuma Funeral for Justice. Turawa suna kwatanta shi da Jimi Hendrix, wanda shi ma bahago ne, saboda kiɗan nasa ya yi kama da wanda baƙar fatar Amurka suka ƙirƙiro, wato bulus, da ɗansa rok mai ƙarar lantarki. Kuma abin da yake faɗa a waƙoƙin ba shirme ba ne: yana maganar yadda Faransa ta yi shekaru tana kwasar yuraniyom a Arlit alhali ƙauyukan Nijar suna kwana a duhu, yana maganar harshensu da yara ke neman mantawa.

Yanzu Alhaji, don girman Allah, wannan ɗan iska ne? Mutumin da ke tashi daga Nijar ya keta teku, ya yi makonni yana bin garuruwa a mota, yau nan gobe can, ya hau dandamali ya yi aikinsa ya karɓi ladansa ya koma gida, me ya raba shi da kakanninmu fatake da suka zo Agege sayen goro? Har haɗarin sana'a yana sha irin namu. Lokacin da sojoji suka kifar da Bazoum a ranar 26 ga Yuli 2023, shi da abokan kiɗansa suna Amurka, aka rufe iyakoki suka kasa komawa wajen iyalansu. A wannan zaman jiran ne suka shiga situdiyo suka ɗauki Tears of Injustice, wanda ya fito a 2025. A watannin nan ne mu ma motocin kayanmu suka maƙale a Illela da Jibiya. Rufe iyaka ɗaya ce ta taɓa mu da shi.

Ni ba malami ba ne, kuma ba zan sa baki a hukuncin kiɗa ba. Wanda ya bar kiɗa gaba ɗaya don addininsa, ba ya ji ba ya kira, wallahi ina girmama shi. Faɗana da waɗanda wayarsu cike take da waƙoƙi, waɗanda in za su aurar da 'ya sai sun ɗauko mai fiyano daga Kano sun yi masa liƙi har takardun kuɗi su rufe ƙasa, amma in ɗansu ya taɓa tsirkiya sai su tuna da asali. Kawun nan da ya fasa jita, Shata ne ke tashi a motarsa daga Agege har Katsina. Ko ya manta cewa shi ma Shata mahaifinsa bai so ya yi waƙa ba, kuma tallan goro ya fara yi, ga shi a 1988 Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa? Ɗanmaraya Jos kuwa da kuntigi mai tsirkiya ɗaya ya zaga duniya. Tun da ya rasu a 2015, yara nawa kuka gani suna koyon kuntigi ko gurmi ko garaya? Mun mayar da kiɗanmu duka cikin akwati ɗaya, yaro ya danna maɓalli ya ce shi mawaƙi ne, sannan mu zauna muna kukan waƙoƙin yanzu ba su da daɗi.

Na san za a ce mini a bayan kowane Mdou akwai mutum ɗari da jita ba ta ba su ko kuɗin koko ba. Gaskiya ne, kuma misalin ma yana kusa da mu. Fatai Rolling Dollar, tsohon makaɗin jitar Yarabawa wanda Ebenezer Obey ya yi aiki a ƙarƙashinsa, kayan kiɗansa sun salwanta lokacin da sojoji suka ƙone gidan Fela a 1977, ya yi sama da shekara 20 cikin talauci kafin tauraronsa ya sake haskawa yana tsoho. A nan Oko-Oba gwamnatin Legas ta ba shi gida, ya rasu a 2013. Amma ku gaya mini, 'yan kasuwa nawa muka sani da suka karye suka koma gida da jakar leda? Shin an taɓa ƙone wa yaro teburin tireda don kada wata rana ya karye?

Yaron nan bai bar shago ba, bai bar makarantar dare ba, ba a taɓa kama shi da ƙwaya ba. Mu uku mun haɗa kuɗi, ranar Lahadi za mu raka shi ya zaɓo wata jitar. A ɗakina za ta zauna, kuma na riga na shaida wa mahaifina, ya yi shiru na ɗan lokaci sannan ya ce kada dai ya ji ta bayan sallar Isha'i. In Kawu yana da magana, ya san ƙofar gidanmu.

Wassalam.