Sharhi: Wasan bidiyon da aka biya kuɗinsa, na mai saye ne ko na kamfani?

A ƙarshen watan Maris na 2024, kamfanin Ubisoft na ƙasar Faransa ya kashe manyan kwamfutocin da ke gudanar da wasan tseren motoci mai suna The Crew, wanda ya fito a 2014. Tun daga lokacin wasan ya daina buɗewa, har ga waɗanda suka saye shi a faifai, domin an ƙera shi ne ta yadda ba ya aiki sai ya tuntuɓi kamfanin ta intanet.

Kamfanoni na kare irin wannan kulle da hujjar yaƙi da satar fasaha, kuma hujjar tana da ƙarfi, ganin maƙudan kuɗin da ake kashewa wajen ƙirƙirar wasa guda. Matsalar ita ce mabuɗin yana hannun kamfani shi kaɗai. Ranar da ya ga wasan ya daina kawo riba, sai ya rufe, mai gaskiyar da ya biya kuɗinsa ya tashi a tutar babu.

Wannan ne ya haifar da gangamin Stop Killing Games a 2024. A watan Yulin 2025, masu sanya hannu a takardar koken da aka shirya wa Tarayyar Turai sun haura miliyan 1. Buƙatarsu ita ce a wajabta wa kamfani ya bar wasa cikin yanayin da za a iya buga shi bayan ya janye hannu. Ƙungiyar kamfanonin wasanni ta Turai ta ƙi amincewa, tana mai cewa hakan zai ƙara tsadar aiki.

Jihar Kalifoniya ta Amurka kuwa ta ɓullo ta fuskar talla. Dokar da ta fara aiki a Janairun 2025 ta hana amfani da kalmar saye ba tare da an bayyana wa mutum cewa lasisi kawai yake karɓa ba.

A Najeriya, Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022 ta haramta karya irin wannan kulle. Ke nan an kare mai fasaha, saura mai saye. Ya kamata hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya ta tabbatar an sanar da matashin da zai biya naira ko dala cewa haya yake yi, da kuma tsawon wa'adinta, kafin kuɗi su bar aljihunsa.