Birnin Gwari: Makomar dajin da ke ciyar da talaka

Tun bayan sulhun da gwamnatin jihar Kaduna ta ƙulla da 'yan bindiga a ƙarshen shekara ta 2024, hankalin jama'a ya fi karkata ne ga buɗe kasuwanni da hanyoyin mota a Birnin Gwari. Abin da ba a cika tattaunawa a kai ba shi ne dajin kansa, da kuma sharuɗɗan da mutanen ƙauyuka za su koma cin moriyarsa a kai.

A ranar Asabar 5 ga watan Mayun 2018 ne 'yan bindiga suka auka wa ƙauyen Gwaska da ke kusa da iyakar jihar Zamfara, suka hallaka mutane aƙalla 45, suka kuma cinna wa gidaje wuta. A sakamakon haka gwamnatin tarayya ta amince da kafa bataliyar soja ta dindindin a yankin.

Ga wanda ya san rayuwar karkara, lokacin da aka kai harin yana da tasa ma'anar. Watan Mayu shi ne lokacin da ake kammala tsinkar ɗorawa, kaɗanya kuma ta fara zubar da 'ya'yanta. A daidai wannan lokaci ne hatsi ke ja baya a rumbu, ga shi ba a kai ga sabon amfani ba. Abin da mata da yara suka tsinto a daji shi ke riƙe gidaje da dama har zuwa kaka.

Rumbun da ba a kullewa

Ƙasar Birnin Gwari tana cikin sashen da ake kira dajin doka, inda ruwan sama ya fi na ƙasar Katsina da Sakkwato yawa, itatuwa kuma suka fi tsayi da kauri. Kusan kowace bishiya a nan tana da aikin da aka san ta da shi.

Daga ɗorawa ake samun kalwar da ake yin daddawa, da garin da yara ke sha, da kuma makubar da ake shafe daɓe da katanga da ita. Kaɗanya na ba da man girki da na shafawa. Ana shan taura da ɗinya, ana jiƙa sassaƙen maɗaci domin ciwon ciki, ana turare da ƙaron maje. Da ƙirya ake sassaƙa turmi, kuma gawayinta maƙera suka fi so. Idan rani ya tsananta ciyawa ta ƙone, ganyen madobiya da na kawo ne Fulani ke sara wa shanunsu. Ga amyar da ake ɗaurawa a kan bishiya domin zuma, ga gamba da shuci na zana da jinka.

Galibin waɗannan abubuwa ba sa shiga lissafin hukuma, domin a ƙananan kasuwanni ake cinikinsu, kuma yawanci a hannun mata suke. Da kuɗin daddawa da na man kaɗe uwa kan tara wa 'yarta kayan ɗaki, ta sayi sabulu da magani ba tare da ta jira maigida ba. Saboda haka a duk lokacin da shiga daji ya gagara, mata ne kan fara ji a jikinsu.

Daga gandun En'e zuwa gandun ƙasa

Batun wanda ke da iko da wannan daji ya daɗe. A shekara ta 1936, zamanin mulkin Turawa, aka keɓe shi a matsayin gandun daji na En'en Birnin Gwari. A watan Mayun 1999 kuma gwamnatin tarayya ta ɗaga darajarsa zuwa gandun ƙasa na Kamuku, mai faɗin kimanin murabba'in kilomita 1,120. Kogin Mariga ne ya raba shi da dajin Kuyambana na jihar Zamfara.

An san Kamuku da giwaye da gwanki da kanki da mazo da gada da mugun dawa da birai iri-iri, kuma masana sun ƙidaya nau'in tsuntsaye 177 a cikinsa, ciki har da burtu. Dokar gandun ƙasa ta haramta farauta da kiwo da saran itace a cikin iyakokinsa.

Manufar dokar mai kyau ce, domin ba don ita ba da wuya a ce manyan namun daji sun kai ƙarshen ƙarnin da ya gabata. Amma fa ta zo ta tarar da Gwarawa da Kamukawa da Hausawa da Fulani suna da nasu tsarin. Maharba na da shugabanninsu da lokacin fitarsu, makiyaya na da burtali da mashaya, kuma a al'ada ba a sare ɗorawa ko kaɗanya mai 'ya'ya haka kawai. Da aka mayar da iko hannun ma'aikatan da ke karɓar umarni daga nesa, sai mutumin da ya gaji sanin dajin ya koma mai laifi idan aka gan shi a ciki, alhali ma'aikatan ba su da yawan da za su tsare daji mai wannan girma.

Da bindiga ta shigo

Wannan giɓi ne ɓarayin shanu suka samu. Ya zuwa shekara ta 2015 al'amarin ya kai ga gwamnonin jihohin da ke kewaye da dajin, ciki har da Kaduna da Katsina da Zamfara da Neja, sun haɗa kuɗi domin ɗaukar nauyin farmakin jami'an tsaro a Kamuku da Kuyambana. An ƙwato dabbobi masu yawa, amma satar shanu ta rikiɗe ta koma satar mutane domin neman kuɗin fansa, daga bisani kuma aka riƙa ba da rahoton ɓullar ƙungiyar Ansaru a gabashin ƙaramar hukumar.

Maharba da yawa sun bar bin sawun gada sun shiga ƙungiyoyin sa-kai domin kare ƙauyukansu, lamarin da ya jawo ɗaukar fansa daga ɓangarorin biyu. Makiyayan da ba ruwansu da ta'asar sun rasa shanu, sun kuma rasa amincewar maƙwabta. A shekara ta 2021 gwamnatin Malam Nasir El-Rufa'i ta hana saran itatuwa da safarar itacen girki da gawayi a ƙananan hukumomi bakwai, ciki har da Birnin Gwari, bisa hujjar cewa harkar na taimaka wa 'yan bindiga.

Wata asarar da ba a iya ƙiyastawa ita ce ta sani. Yaron da aka haifa a shekarar harin Gwaska ya tashi ne a lokacin da bin uwa zuwa tsintar kaɗe ko bin uba zuwa ɗaurin amya ya zama kasada. Irin wannan ilmi ba a makaranta ake koyonsa ba, sai an bi manya an gani da ido.

Bayan sulhu

A watan Nuwamban 2024 Gwamna Uba Sani ya karɓi 'yan bindigar da suka ce sun tuba, ya kuma buɗe kasuwar shanu ta Birnin Gwari wadda ta shafe kimanin shekaru goma a rufe. Masu goyon bayan matakin na nuni da komawar manoma gonakinsu, yayin da masu suka ke tambayar makomar makaman da ke hannun waɗanda aka yi sulhu da su, da kuma hakkin waɗanda aka kashe wa 'yan uwa.

Ko da sulhun ya ɗore, dajin na fuskantar wata barazanar ta daban. Hanyar da ta buɗe wa mai tsintar kaɗe ita ce kuma ta buɗe wa motar gawayi da ta katako, kuma mutumin da ya fito daga shekarun asara ya fi buƙatar kuɗin yau a kan amfanin baɗi. Kaɗanya kan shafe shekaru goma sha biyar ko fiye kafin ta fara 'ya'ya, amma a yini guda ake mayar da ita buhunan gawayi. Ita kuwa madobiya, yawan fitar da katakonta zuwa ƙasar Sin ne ya sa aka sanya ta cikin jerin itatuwan da yarjejeniyar CITES ke sa wa ido a shekara ta 2016, kana aka dakatar da cinikinta daga Nijeriya a 2018.

Matakan gwamnatin tarayya ma sun shafi wannan batu. A watan Mayun 2025 Shugaba Bola Tinubu ya amince da kafa rundunar masu gadin daji ɗauke da makamai. A watan Agustan shekarar kuma aka sanar da hana fitar da ɗanyen kaɗe zuwa ƙetare na tsawon watanni shida, domin a riƙa sarrafa shi a cikin gida. Farashinsa ya faɗi nan take, kuma matan da ke tsinto shi ne suka fara ɗaukar asarar.

Darasi daga Maraɗi

Akwai misali a maƙwabta na yadda ake farfaɗo da itatuwa ba tare da korar mutane ba. A jihohin Maraɗi da Damagaram na jamhuriyar Nijar, tun daga shekarun 1980 manoma suka koma barin tohon itatuwa a gonakinsu suna yi musu sassabe. An ƙiyasta cewa ta haka aka farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5. Babban abin da ya kawo canjin shi ne manomi ya tabbata cewa bishiyar da ya raina tasa ce, ba ta ma'aikacin gandun daji ba.

Yanayin Birnin Gwari ya bambanta, domin gandun ƙasa ne, kuma akwai makamai a ciki. Amma ana iya shata wuraren tsinta da na ɗaurin amya a gefen gandun, a farfaɗo da burtali, a ba masarauta da shugabannin maharba da arɗo-arɗo da ƙungiyoyin mata gurbi wajen tsara doka, a kuma ɗauki masu gadin daji daga cikin 'ya'yan yankin. Mai ɗaki, in ji Hausawa, shi ya san inda yake masa yoyo.

Ga mutanen Gwaska da ƙauyukan da ke kewaye da ita, za a gane ko zaman lafiya ya samu ne a farkon damina, idan mace ta ɗauki ƙwarya ta fita da sassafe, ta tarar da kaɗanyar tana tsaye, ta kuma dawo gida lafiya.