A Ba Bawa Baki Shi Ma Ya Faɗi Nasa

Malam Edita,

Ina roƙon ka ɗan ba ni fili a wannan jarida tamu mai farin jini, domin in yi kira ga marubutanmu na Hausa kan wani giɓi da na gani a labaran da muka gada.

Duk labarin dā da za ka ji, na sarki ne, ko jarumi, ko malami, ko attajiri. Shi kuwa bawa sai dai a ƙidaya shi tare da dawaki da shanu. Alhali a labarin Hausa Bakwai an ce Kano da Rano su ne sarakunan baba, Katsina da Daura na kasuwa, Gobir na yaƙi, mu kuma Zazzau sarkin bayi. To ina labarin bayin? Mun san sunan Babban Gwani da ya gina Masallacin Juma'a na birninmu, amma waɗanda suka kwaɓa ƙasa suka ɗauko ta a ka fa?

Abin da ya ƙara zaburar da ni shi ne wani littafi na ƙasar Amurka da ɗalibai suka ba ni labarinsa. A 1884 wani Bature, Mark Twain, ya fitar da labarin wani yaro farar fata mai suna Huckleberry Finn, wanda ya gudu ta kogi tare da wani bawa, Jim. Yaron ne ke ba da labarin daga farko har ƙarshe. Sai a 2024 wani baƙar fata, Percival Everett, ya sake rubuta labarin daga bakin bawan, ya sa wa littafin suna James. Ashe wanda ake yi wa kallon wawa ya iya karatu da rubutu, wautar ƙarya yake yi a gaban iyayengiji don ya tsira da ransa. Littafin har ya ci babbar kyautar Pulitzer a 1925 da ɗari, wato 2025. Lalle waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi.

Ba wai mu ba mu da komai ba. Marigayi Abubakar Tafawa Ɓalewa ya rubuta Shaihu Umar don gasar da aka shirya a nan Zariya a 1933, kuma Umar da kansa yake faɗin yadda aka sace shi yana yaro aka ƙetara Sahara da shi. Amma Umar mai sa'a ne, ya faɗa hannun wanda ya riƙe shi kamar ɗa, har ya zama shehin malami. Uwarsa da ta bi sawunsa ita ma aka sayar da ita, ba ta daɗe da ganinsa ba ta rasu. Akwai kuma Baba ta Karo, wadda wata Baturiya ta rubuta labarinta aka buga a 1954. Ta faɗi yadda ake zaman rinji, sai dai ita 'yar masu rinjin ce.

Wanda nake so in ji shi ne mutumin rinji. Ya yi wa ubangijinsa noman gandu tun hantsi har azahar, sannan ya juya ga 'yar gayaunarsa da ragowar ƙarfinsa. In yana son ya yi sana'ar kansa sai ya biya murgu, ya riƙa tara wuri ɗai-ɗai don ya fanshi kansa. Ni manomi ne, na san nauyin garma ko da gonarka ce, balle ta wani. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Wasu za su ce wannan tone-tone ne, abin da ya wuce a bar shi. To ai bai wuce ba. Turawa sun ce duk wanda aka haifa daga Afrilun 1901 ɗa ne, a 1936 kuma aka soke bauta gaba ɗaya a Arewa. Amma har gobe in yaro ya je neman aure, wasu gidajen sai an bi asali, a koma gefe ana raɗa cewa kakansa ɗimajo ne. Na ga auren da aka fasa kan haka, yaro mai sana'a mai salla, ba shi da laifin komai. Shin Sayyidina Bilal ba bawa ba ne kafin a 'yanta shi, ya zama ladanin Manzon Allah (SAW)? Wanda ya karanta labarin yadda aka raba yaro da uwarsa a bakin gona, zai ji kunyar yi wa jikansa gori.

Saboda haka ina kira ga marubutanmu da malaman jami'a, su zauna da tsofaffin ƙauyuka tun suna da rai, su ji abin da kakanninsu suka gaya masu. A rubuta da Hausa mai sauƙi, a sa kuɗi daidai aljihun talaka, a kuma karanta a rediyo don waɗanda ba su yi boko ba. Ko labarin Bayajidda aka ɗauko aka ba Bagwariya baki, ai za mu ji sabon abu.

Allah ya sa mu gane, ya jiƙan magabatanmu baki ɗaya, 'ya'ya da bayi, amin. Wassalam.

Naka mai karatu kullum,
Wani manomi ɗan tireda,
Ƙofar Kuyambana, Birnin Zariya.