Ranar Da Oba-Oba Ta Yi Shiru

Mahaifina yana da wata baƙar rediyo mai rigar fata, kuma ya san halinta kamar yadda mahayi ya san dokinsa. Da azahar zai murɗa ta zuwa mita 16, da dare ya koma mita 41 ko 49, yana karkata eriya yana kasa kunne har muryar mai labarai ta fito daga cikin shuuu. In ka tambaye shi dalilin wannan sauyi, cewa yake mitar rana ba ta kwana. Sai da na girma na gane ilimi ne sosai a bakin dattijon. Igiyar gajeren zango sama take hawa, ta bugi wani rufin iska da ke ɗaruruwan kilomita bisa kanmu, sannan ta faɗo ƙasa can da nisa. Hasken rana yana canza wannan rufi, saboda haka mitar da ta yi aiki da tsakar rana takan ɓace da dare, wadda ta dace da wani yanki kuma ba lallai ta dace da wani ba.

Na tuna da rediyon nan ne saboda mutum takwas da ake cewa rashin dacewar mita ya jefa cikin bala'i.

Daren 22 ga Janairun 1991, ana tsakiyar yaƙin Tekun Fasha, jirgi mai saukar ungulu ƙirar Chinook ya sauke zaratan sojojin Birtaniya takwas na rundunar SAS a hamadar yammacin Iraƙi. Sunan kiransu a oba-oba shi ne Bravo Two Zero. An tura su ne su sa ido kan wata babbar hanya, su kuma gano motocin da ke harba makamai masu linzami na Scud zuwa Isra'ila. Mutum takwas a tsakiyar ƙasar abokan gaba ba yaƙi suka je yi ba. Ido ne su da kunne, ƙarfinsu kuma yana can baya: jiragen yaƙi, jirgin ceto, kwamandan da zai ce a yi ko a bari. Abin da ya haɗa su da wannan ƙarfi shi ne akwatin rediyo ƙirar PRC 319, mai aiki da gajeren zango, wanda ke dunƙule saƙo ya cilla shi cikin ƙiftawar ido don kada maƙiyi ya gano inda aka aiko shi.

Gari ya waye, suka ɓuya a wani kwari, mai kula da sadarwarsu Steven Lane ya shimfiɗa waya ya fara kira. Babu amsa. Ya sake gwadawa, ya gyara eriya, ya sake. An ce mitocin da aka rubuta musu ba su dace da yankin da aka sauke su ba, ko da yake ana jayayya a kan haka. Ka hango shi durƙushe cikin sanyin hunturu, yatsunsa sun ƙage, yana zargin batir, yana zargin waya, alhali wataƙila kuskuren yana kan takardar da aka miƙa masa tun a sansani.

Akwai yarjejeniya cewa in aka ji su shiru, jirgi zai dawo wani wuri da aka ajiye ya kawo musu wata rediyo. Jirgin bai iso ba. Ana haka wani yaro mai kiwon awaki ya gan su, asiri ya tonu, aka yi musayar wuta, suka zubar da manyan jakunkunansu suka gudu. Nan ne kuskure na biyu ya shigo, wanda a ganina ya fi na farko muni. A sansani ana zaton in ta ɓaci kudu za su nufa, wajen Saudiyya. Su kuwa sai suka yi arewa maso yamma, wajen Siriya, don ta fi kusa. Masu nema suna duba kudu, waɗanda ake nema suna arewa. Uku suka mutu: Vince Phillips da Lane sanyi ya kashe su, Bob Consiglio harsashi. Aka kama huɗu. Ɗaya kaɗai, wanda duniya ta sani da Chris Ryan, ya taka kusan kilomita 300 a ƙafa har ya tsallaka Siriya. Littattafan da suka biyo baya sun saɓa wa juna kan abubuwa da dama, musamman yawan Iraƙawan da aka fafata da su, amma duk sun haɗu a kan cewa magana ta yanke tun ranar farko.

Bayan wannan, masu ƙera kayan soja suka ƙara dogara ga tauraron ɗan Adam, tunda shi bai damu da rana ko dare ba. Sai dai yana da nasa sharaɗin: dole eriya ta ga sama. Manyan taurarin sadarwar soja suna tsaye ne kimanin kilomita 36,000 bisa tsakiyar duniya, sai ka saita eriya ta fuskance su daidai. Na kamfanin Iridium guda 66 ne, suna yawo a kimanin kilomita 780, wani na wucewa wani na tahowa. Duk wanda ya taɓa riƙe wayar tauraro ta Thuraya a daji ya san ba a kiranta daga cikin ɗaka. Dutse ma ɗaki ne.

Ranar 28 ga Yunin 2005, a kan dutsen Sawtalo Sar da ke lardin Kunar na Afganistan, sojojin ruwan Amurka huɗu na rundunar SEAL suna leƙen asiri sai makiyaya suka yi kiciɓis da su. Makiyayi kuma, a karo na biyu. Duk na'urar da aka ƙera ba ta hana mai akuya bin sawun akuyarsa. Suka sake su, ba a jima ba mayaƙa suka far musu, suka tura su cikin wani kwazazzabo mai zurfi. Ƙaramar oba-obar da ke hannunsu ba ta iya tsallake duwatsun. Marubuci Ed Darack, wanda ya bi diddigin lamarin, ya ce an ba su shawarar ɗaukar babbar rediyo mai ƙarfin wat 20, suka tafi da ƙarama mai wat 5. Ban ga laifin mai gudun nauyi a kan dutse ba, domin rediyo da batiranta suna cin gurbin ruwa da harsashi, amma a ranar wannan zaɓi ya yi tsada. Shugabansu, Laftanar Michael Murphy, da rauni a jikinsa, ya bar maɓoyarsa ya fita fili inda wayar tauraro za ta ga sama, ya kira sansani ana harbinsa. Kiran ya shiga. Jirgin Chinook da ya taso ceto aka harbo shi da roka, mutum 16 suka mutu a ciki. Cikin huɗun nan Marcus Luttrell ne kawai ya rayu, shi ma don wani ƙauyen Fashtunawa ya karɓe shi baƙo ya ƙi miƙa shi.

Shekara uku kafin nan, a Takur Ghar cikin Maris ɗin 2002, saƙon da zai hana jirgin agaji sauka a kan tsaunin da maƙiya suka riƙe bai isa kunnen matuƙan ba. Suka sauka cikin wuta. Amurkawa bakwai suka rasu a wannan tsauni.

Kayan yau sun yi nisa ƙwarai. Rediyo irin PRC-163 tana ɗaukar layi biyu lokaci guda, soja na magana da abokansa a ɗaya, da jirgin sama ko tauraro a ɗayan. Muryar a kulle take da lambobin sirri, kuma na'urar tana tsalle daga mita zuwa mita sau da yawa cikin daƙiƙa, mai son toshe ta ya rasa inda zai kama. Akwai tsarin da kowace oba-oba ke zama gada ga 'yar'uwarta, saƙo ya bi ta hannun na kusa har ya zagaye dutse. A ƙirjin soja kuma akwai waya mai manhajar ATAK, taswira ce da ke nuna masa kowane abokinsa a matsayin ɗigo. Amurka ta harba taurarin MUOS guda biyar tsakanin 2012 da 2016 don irin waɗannan ƙananan rediyoyi. Amma kowane ci gaba ya zo da ƙofar da ɓarawo zai bi. Ranar 24 ga Fabrairun 2022, ranar da Rasha ta afka wa Yukiren, an yi wa tsarin tauraron Viasat kutse, dubban na'urori suka mutu lokaci guda. Kuma duk rediyon da ya yi magana ya nuna inda yake. A fagen daga na yau mai yawan surutu a iska shi ake fara yi wa ruwan wuta.

Darasin da na ɗauka daga waiwayen nan shi ne, shiru yana zuwa ko da wace na'ura ka riƙe, kuma ranar da ya zo, abin da aka ƙulla kafin a bar gida shi ke ceton rai. Sojojin kirki suna tsara hanya huɗu: ta farko, madadinta, ta ko-ta-kwana, da ta ƙarshe in komai ya lalace. Suna kuma zama da wanda zai saurare su a sansani su daidaita: in ba ka ji mu ba zuwa ƙarfe kaza, ga inda za mu nufa, ga abin da za ka yi. Kwamandan da ya tura yaransa daji bai gwada mitarsu ba, bai tanadi batir ba, bai ajiye mai sauraro da jirgin da zai tashi ba, amana ya ci, ko da kuwa ya saya musu rediyo mafi tsada a duniya.

Irin wannan ya faru a ƙofar gidanmu. Ranar 4 ga Oktoban 2017, tawagar dakarun Amurka na musamman da sojojin Nijar kimanin 30 suna komawa sansaninsu na Wallam, suka tsaya shan ruwa a ƙauyen Tongo Tongo da ke jihar Tilaberi, kusa da iyakar Mali. Suna fita aka yi musu kwanton ɓauna. Babban hafsan sojin Amurka na lokacin, Janar Joseph Dunford, ya ce sai da aka yi kusan sa'a guda ana wuta kafin tawagar ta nemi agaji. Binciken da aka fitar a Mayun 2018 ya kuma nuna cewa takardar aikin da aka fara aika wa manya ba ta bayyana ainihin abin da aka fita yi ba. Amurkawa huɗu suka mutu, da sojojin Nijar huɗu waɗanda jaridun duniya ba su cika kiran sunayensu ba, Allah ya jiƙansu. Gawar Saje La David Johnson sai bayan kwana biyu aka same ta.

Jiragen Mirage na Faransa sun taso daga Yamai sun iso, amma ba su jefa bam ba, domin matuƙan sun kasa bambance aboki da maƙiyi a ƙasa. Sai suka riƙa wucewa ƙasa-ƙasa da ruri har maharan suka ja baya. Waɗanda suka tsira suna ɓoye cikin itatuwa, wasunsu sun riga sun rubuta wa iyalansu saƙon ban kwana a wayoyinsu. Da jiragen Faransa masu saukar ungulu suka zo nemansu, sai ɗaya daga cikinsu ya fito fili, ya ɗaga tutar Amurka yana kaɗawa, har na sama suka gan shi.