Kimiyya a Sauƙaƙe: Lissafin Carbin da Ido Ba Ya Gani

A wannan mako za mu leƙa wani fanni da ake yin digirin digirgir a kansa, wato fiziks na polima. Kada sunan ya firgita ku, domin makamin farko da ake shiga fannin da shi yana cikin littafinku na lissafi.

Polima wani dogon molekul ne da ƙananan guntaye suka sarƙu da juna, kamar 'ya'yan carbi a zare. Leda polima ce, haka roba da sitaci da ƙaro, har da DNA na jikinmu. A 1920 Bajamushe Hermann Staudinger ya ce lallai irin waɗannan dogayen sarƙoƙi suna nan, masana da yawa suka ƙi yarda. A 1953 aka ba shi kyautar Nobel.

To, ga tambayar da ake fara yi wa mai koyon fannin. A ce sarƙa tana da guntaye 10,000, kowane tsawonsa nanomita 1, wato kashi ɗaya cikin biliyan na mita. Idan aka miƙe ta, tsawonta nanomita 10,000 ne. Amma sarƙa ba ta zama a miƙe. Dunƙulewa take yi kamar carbin da aka jefa kan tabarma, kowane guntu ya fuskanci inda ya ga dama. Mene ne nisa tsakanin bakinta biyu? Lissafi ya nuna cewa sikwaya rut na yawan guntayen ake ɗauka. Wace lamba ce za a ninka da kanta ta ba da 10,000? 100. Ke nan nisan kusan nanomita 100 ne kacal.

Ba'amurke Paul Flory, wanda ya sami Nobel a 1974, ya ƙara gyara: guntaye biyu ba sa zama a gurbi ɗaya, don haka a cikin ruwan da ya narkar da ita sosai sarƙar tana ɗan kumbura. Da lissafinsa, tamu za ta kai wajen nanomita 250.

Akwai kuma polimar da guntayenta ke ɗauke da cajin lantarki idan ta shiga ruwa, ita ce polielektrolait. Caji iri ɗaya ba sa ga-maciji da juna, saboda haka guntayen suna ture juna, sarƙar ta buɗe. Irinta ce farar hodar da ke cikin famfas na jarirai. Ƙwayoyin sodiyam da ke cikinta suna jawo ruwa ta hanyar osmosis, wanda muka karanta a bayoloji, har ta sha ruwa mai tsabta ninkin nauyinta sau ɗaruruwa. Ku gwada: ku jiƙa hodar sabon famfas har ta zama kamar kamu, sannan ku barbaɗa gishiri. Za ku ga ta saki ruwan, domin gishiri yana rage jan ruwan, yana kuma shiga tsakanin cajin.

Ko 'ya'yan zogale da ake dakawa a zuba a ruwa mai laka, aikin caji ne: furotin ɗinsu yana da caji fozitif, ƙwayoyin laka negatif, sai su manne su kwanta a ƙasa. Amma a tafasa ruwan kafin a sha.

Yaya masu digirin digirgir ke koyon wannan duka? Da biro da takarda. Littafin da Michael Rubinstein da Ralph Colby suka wallafa a 2003 yana da ɗaruruwan tambayoyi a ƙarshen babi-babi, kuma a nan ake gane wanda ya fahimta. Mu kuwa da yawanmu mukan haddace bayani mu tsallake aikin da ke ƙarshen darasi, sai ranar WAEC ko JAMB ido ya raina fata. Tambaya uku a kullum, kai da kanka ba tare da leƙa amsa ba, ta fi karatun dare ɗaya.

Ga ta wannan mako: idan guntayen sarƙarmu suka zama 40,000, nanomita nawa ne nisan bakinta biyu bisa lissafin farko? Me ya sa bai ninka sau huɗu ba? Ku aiko da amsa tare da matakan da kuka bi. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.