Yacouba Sawadogo da itatuwan Bangi

Ranar 3 ga Disamban 2023 Allah Ya yi wa Yacouba Sawadogo rasuwa a Burkina Faso. Manomi ne daga ƙauyen Gourga da ya riƙa haƙa ramuka a faƙo tun da rani, yana zuba musu taki, gara ta huda ƙasa, ruwan damina ya samu hanyar shiga. Da fari mahaukaci aka ɗauke shi. Daga baya faƙon ya zama daji mai kusan hekta 40, manoma na tururuwar koyo a wajensa.

A yankin Bangi kuwa, kaɗanya na ƙarewa cikin buhunan gawayi. Ƙaramar Hukumar Mariga da Masarautar Kontagora, da yankin ke ƙarƙashinsu, su ɗauki darasi daga Sawadogo, su hana saranta, su raba wa manoma dashe kafin damina ta faɗi.